Poul la Cour: Malamin Ƙauye Da Ya Mayar Da Iska Wutar Lantarki

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin lantarki, ko da zango ɗaya ne, ya sha jin sunan Faraday da Edison da Tesla. Amma da wuya ka ji an ambaci Poul la Cour. Alhali tambayar da ta cinye shekaru goma sha bakwai na ƙarshen rayuwarsa ita ce dai tambayar da ke gaban duk maigidan da ya ɗora sola a kan rufinsa yau: idan kai ne ke samar wa kanka wuta, yaya za ka yi da ita ranar da ta yi maka yawa, kuma ina za ka samo ta ranar da ta yi maka kaɗan?

Shi mutumin Danmak ne, wata ƙaramar ƙasa a arewacin Turai, sama da Jamus. Ƙasar ba ta da kwal na a zo a gani, ba ta kuma da manyan koguna masu gangara da za a datse a samu wuta. Abin da take da shi a wadace shi ne iska, wadda ke kaɗowa daga teku kusan kullum. A yau kusan rabin wutar da Danmak ke sha daga iska take fitowa, kuma in aka bi sawun abin baya, a ƙofar wannan malamin ake tsayawa.

Ɗan manomi

An haifi Poul la Cour ranar 13 ga Afrilu, 1846, a wata gona kusa da garin Ebeltoft, a yankin Yutland. Sunan gidansu na Faransanci ne, domin asalin zuriyarsu Faransawa ne. Mahaifinsa manomi ne mai son gwada sababbin dabarun noma. Da ya isa karatu aka kai shi makarantar sakandare a garin Randers, da niyyar ya zama limamin coci. To amma wannan hanya sai da Latin da Girkanci, shi kuwa harsuna ba sa shiga kansa. Lissafi ne yake sha kamar ruwa. Yayansa, Jorgen la Cour, wanda ya yi suna a harkar noma, shi ya karkato da shi wajen ilimin yanayi, wanda a lokacin sabon fanni ne.

Ya gama karatunsa na kimiyyar fiziks da yanayi a Kopenhagen a 1869, sannan ya zaga wasu ƙasashen Turai don ya ga yadda ake aikin a zahiri. Da aka kafa hukumar kula da yanayi ta Danmak a 1872, sai aka naɗa shi mataimakin darakta, yana ɗan shekara 26. Ka ga tun daga nan iska ta shiga rayuwarsa: auna ta yake yi, yana rubuta ƙarfinta da inda ta dosa.

Waya ɗaya, saƙo goma sha biyu

Aikin hasashen yanayi ba ya yiwuwa sai an tattaro rahoto daga wurare masu nisa cikin gaggawa, kuma a wancan zamani wayar tangarahu ce kaɗai hanya. Matsalar ita ce waya ɗaya saƙo ɗaya take ɗauka a lokaci guda, sai a yi ta jiran layi. La Cour ya zauna ya yi tunani a kan wani ƙarfe mai yatsu biyu da makaɗan Turai ke daidaita sautin kayan kiɗa da shi. Kowane irin wannan ƙarfe yana da adadin kaɗawar da yake yi a daƙiƙa, ba ya ƙari ba ya ragi, kuma ba ya amsa wa kowane sauti sai irin nasa. Sai ya ce to, in aka ba kowane mai aika saƙo ƙarfensa, aka ajiye abokin ƙarfen a ɗaya ƙarshen wayar, ai saƙonni da yawa za su bi waya ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba. A 1874 ya yi rajistar wannan dabara, kuma zuwa 1876 ya nuna ana iya tura saƙo goma sha biyu a tare.

A Amurka kuwa wani mai ƙirƙira, Elisha Gray, yana kan irin wannan aiki. Da aka zo batun rajista a can sai rigima ta tashi. La Cour ba shi da kuɗin lauyoyi da shari'a a wata ƙasa, dole ya janye.

Daga wannan aiki ne ya fito da abin da ya fi yi masa suna a lokacin, wato wilin sauti, wanda ya yi wa rajista a 1877. Wili ne na ƙarfe mai haƙora, ga maganaɗisun lantarki a gefensa. Duk kaɗawa ɗaya ta ƙarfen nan mai yatsu biyu, sai maganaɗisun ya jawo haƙori ɗaya. Saboda haka wilin yana juyawa da gudu ɗaya tak, kuma wili biyu a garuruwa biyu za su iya tafiya kafaɗa da kafaɗa. 'Yan sashen lantarki za su gane cewa wannan shi ne kakan motar da gudunta ke bin bugun wutar da aka ba ta. Nan ma wani Ba'amurke, Patrick Delany, ya ɗora nasa tsarin tangarahu a kan wilin, kuma a 1886 cibiyar Franklin ta Amurka ta ba Delany lambar zinare, shi kuwa la Cour ta ba shi wata lambar da ba ta kai ta ba. Abin ya yi masa ciwo, har ya rubuta ƙorafi. A riƙe wannan wili a rai, domin daidaita abu biyu su yi tafiya ɗaya zai sake dawowa a labarin nan.

Daga birni zuwa Askov

A 1878 ya yi abin da ya ɗaure wa abokansa kai. Ya bar Kopenhagen da duk wata dama da ke cikinta, ya koma wani ƙauye da ake kira Askov ya zama malami. Don a gane dalili, sai an san halin da ƙasar ke ciki.

A 1864 Danmak ta sha kashi a yaƙi da Furusiya da Ostiriya, ta rasa yankunanta na kudu. Makarantar manya ta farko a ƙasar, wadda ke garin Rodding, sai ta tsinci kanta a bayan sabuwar iyaka. Shugabanta, Ludvig Schroder, ya kwashe ya tsallako arewa kaɗan ya sake kafa ta a Askov a 1865. Irin waɗannan makarantu tunanin wani malamin coci ne kuma marubuci mai suna Grundtvig. 'Ya'yan manoma da suka riga suka girma ne ke zuwa, samari a lokacin hunturu da babu aikin gona, 'yan mata kuma da bazara. Babu jarrabawa, babu takardar shaida. Ana zuwa ne a buɗe ido a koma gona. A 1878 Askov ta faɗaɗa karatunta tana neman wanda zai koyar da lissafi da kimiyya, la Cour ya amsa. Matarsa ta fari, Hulda Barfod, wadda ta fito daga gidan masu bin tafarkin Grundtvig, ta rasu a wannan shekarar. Ya sake aure a 1882, ya auri Christine Marstrand.

Yaya za ka koya wa wanda ya taso a bayan garma lissafi ba tare da ya gudu ba? Dabararsa ita ce ya bi ta tarihi. Maimakon ya rubuta ƙa'ida a allo ya ce a haddace, sai ya fara da matsalar da ta sa mutanen da suka gano ƙa'idar suka neme ta: yadda Misirawa ke auna gona bayan ambaliyar Nilu, yadda matuƙan jirgin ruwa ke gane hanya da taurari. Daga darussan nan ya rubuta littafin tarihin lissafi, sannan shi da abokin aikinsa Jacob Appel suka rubuta na tarihin fiziks.

Zamansa a ƙauye ya nuna masa abu biyu. Na farko, karkara tana zubar da matasanta: wasu birni, wasu Amurka. Hatsi mai araha daga Amurka da Rasha ya karya farashi, noman da aka gada ya daina ciyar da gida. Na biyu, manoman sun samo mafita da kansu ta hanyar haɗa kai. A 1882 manoman Hjedding suka kafa kamfanin madara na haɗin gwiwa na farko, kowa ya kawo nononsa, a sayi inji ɗaya, a raba riba. Cikin 'yan shekaru abin ya bazu ko'ina, man shanun Danmak ya cika kasuwar Ingila. A daidai lokacin kuma, farkon shekarun 1890, manyan birane suka fara samun tashoshin lantarki masu cin kwal ɗin da ake sayowa daga waje. La Cour ya hango cewa in aka bar abin haka, wuta za ta zama ta 'yan birni, masana'antu su taru a can, ƙauye ya ƙarasa mutuwa. Ga iska kuwa tana wucewa ta kan kowace gona kyauta.

Injin gwaji

Ba shi ne ya fara samar da lantarki daga iska ba. A 1887 wani farfesa ɗan Sikotland, James Blyth, ya kafa injin iska a gidansa na hutu a ƙauyen Marykirk, yana cajin batura yana kunna fitilu. Ana ba da labarin cewa ya yi wa mutanen ƙauyen tayin rarar wutar don a haskaka babban titinsu, suka ƙi, wai aikin shaiɗan ne. A 1888 kuma attajiri Charles Brush ya gina wani ƙaton inji mai fiffike 144 a bayan gidansa a Cleveland ta Amurka, yana ba shi kilowat 12. Duka biyun gida ɗaya suka haska. La Cour kuwa abin da ya sa a gaba shi ne injin da maƙerin ƙauye zai iya ƙerawa, manomi ya iya saya, gari ya amfana.

A 1891 gwamnati ta ba shi tallafi ya gina injin gwaji na farko a Askov. Nan take ya ci karo da matsala ta farko: iska ba ta da alƙawari. Yanzu ta taso, an jima ta kwanta. Ƙarfin da ke cikinta kuma ba a hankali yake hawa ba, domin in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa takwas yake yi. Dainamo kuwa gudu ɗaya yake so, in ba haka ba wuta ta yi ta hawa da sauka. Sai ya ƙera wata na'ura da ya kira kratostat, wadda ba komai ba ce illa fuli da bel da wani nauyi a rataye. In iska ta yi yawa, bel ɗin sai ya saki ya riƙa zamewa, dainamo ya ci gaba da tafiyarsa yadda ya saba. Na'urar ta yi sauƙi da amfani har kamfanonin madara suka karɓe ta don daidaita injinansu na fitar da mai daga nono.

Ina za a zuba rarar?

Matsala ta biyu ita ce babba. Da tsakar dare iska na kaɗawa, kowa na barci, wuta ta yi yawa. Da magariba ana son fitila, iska ta ɗauke. Batura a lokacin suna da tsadar da manomi ba zai iya ba. Amsar farko da la Cour ya kawo ita ce a ajiye wutar a cikin ruwa. In aka ratsa lantarki ta cikin ruwa, yana rabuwa gida biyu, iskar haidurojin da iskar oksijin. Sai ya riƙa tara kowace a tankinta duk lokacin da injin ke juyawa, da dare kuma a turo su ta bututu zuwa fitilu. Harshen wutar haidurojin ba shi da haske sosai, don haka sai aka sa shi ya riƙa gasa wani ɗan dunƙule mai jure zafi, shi kuma ya yi fari fat ya haska ɗaki.

Daga 1895 zuwa 1902, da wannan dabara aka haskaka makarantar Askov, shekara bakwai, ba a kwana cikin duhu ba, albarkacin tanki mai cin mita kubik 12. Amma fa abin yana da haɗari. In 'yar oksijin ta kutsa cikin haidurojin, sai ka ji tim, gilasan tagogi sun tarwatse. An sha sauya tagogin makarantar. Ya kuma yi ƙoƙarin yin amfani da iskar wajen tayar da inji da walda. A ƙarshe dai ya gane cewa wannan hanya ba za ta shiga gidan kowane manomi ba. Abin sha'awa, yau manyan kamfanoni na zuba maƙudan kuɗi a kan wannan tunani na ajiye rarar wutar iska da ta rana a matsayin haidurojin, fiye da shekara ɗari bayan shi.

Fiffike kaɗan, gudu da yawa

A 1897 aka gina masa inji na biyu, babba, da ɗakin gwaji a ƙarƙashinsa. A nan ya haɗa wasu dogayen bututu da ake hura iska ta cikinsu da gudun da aka sani, ya riƙa sa ƙananan samfuran fiffike a bakinsu yana aunawa. Yana cikin mutanen farko a duniya da suka yi wa injin iska irin wannan gwaji. Kowa a lokacin ya ɗauka cewa yawan fiffike shi ne yawan ƙarfi, tunda sun fi tare iska. Awo ya nuna ba haka ba ne. Abin da ke ƙayyade ƙarfi shi ne faɗin da'irar da fiffiken ke sharewa. Injin mai fiffike da yawa yana da kyau wajen jan ruwa daga rijiya, domin yana tashi da ƙarfi ko a iska kaɗan, amma a hankali yake juyawa. Dainamo kuwa gudu yake so, saboda haka fiffike kaɗan, sirara, masu ɗan lanƙwasa, su suka fi. Ya kuma lura cewa ba turin da iska ke yi a gaban fiffike kaɗai ke aiki ba, har da zuƙar da take yi a bayansa, abin da daga baya ya zama tushen ƙirar fiffiken jirgin sama.

Babban injin an fara ɗora masa fiffike shida ne na ƙirar wani maƙerin injina, Christian Sorensen. Sakamakon gwaji ya sa aka sauke su aka sa huɗu. Hakan ya jawo masa ce-ce-ku-ce da masu sana'ar, wasu ma suka nemi a yanke masa tallafi. Shi dai ya tsaya a kan abin da ma'auni ya nuna, ya wallafa sakamakonsa kowa ya gani.

Wuta ta fita daga makaranta

A 1902 ya kawo amsa ta biyu ga tambayar rarar wuta, kuma ita ce ta zauna. Aka ajiye haidurojin, aka mayar da injin Askov tashar wutar gari. Aka sa batura na ɗaukar wutar kwana ɗaya ko biyu, aka ajiye ƙaramin inji mai shan mai don ranar da iska ta yi yaji, sannan aka ja waya zuwa gidaje da shagunan ƙauyen. Hikimar a nan ita ce mutane ba sa buƙatar wuta a lokaci ɗaya. Sa'ad da makaranta ba ta so, maƙeri yana so. Sa'ad da maƙeri ya rufe, gidaje sun kunna fitila. In aka haɗa su a layi ɗaya, abin da za a ajiye a batir ya ragu, kuɗin ya sauko. Wato dai babu ma'ajiyar wuta mai araha kamar maƙwabci. Wannan tasha ta ci gaba da ba Askov wuta har 1958.

Don abin ya yaɗu, a 1903 ya kafa ƙungiyar masu wutar iska ta Danmak, wadda ke ba ƙauyuka da manoma shawara da zanen tasha. A 1904 ya fara fitar da mujalla kan wutar iska, irinta ta farko a duniya. Manoman da suka riga suka saba da haɗa kuɗi su sayi injin madara ba su sha wahalar gane cewa za su iya haɗa kuɗi su kafa tashar wuta ba.

Sai dai ya san inda gizo ke saƙar. Inji ko ya kai ina kyau, in ya lalace babu mai gyara a kusa, ya zama kwangiri. Injiniyoyin Kopenhagen ba za su zo ƙauye ɗaura waya ba. Don haka a 1904 ya buɗe kwas na masu aikin wutar karkara a Askov. Samari ne 'ya'yan manoma da masu sana'ar hannu. Sukan yi kamar wata uku suna koyon fiziks da lissafi da zanen inji, har da rubutu da ajiye lissafin kuɗi, domin mai aikin wuta a ƙauye shi ne ɗan kwangila, shi ne akawun kansa. Bayan nan sai a fita da su a kafa tasha ta gaske, tun daga tushe har kunna fitila. Mutumin da ya yi gogayya da manyan masu ƙirƙira na Amurka, ga shi ya ƙare yana koya wa yaran ƙauye yadda ake haɗa waya, kuma bai ɗauki hakan a matsayin ci baya ba.

Ya rasu a Askov ranar 24 ga Afrilu, 1908, yana da shekara 62. A shekarar akwai injinan iska 72 da ke samar da lantarki a Danmak. Zuwa 1918, lokacin da yaƙin duniya na farko ya sa mai da kwal suka yi wuya, ƙananan tashoshi wajen 120 ne ke da injin iska.

Mitar da ta juya da baya

Bayan yaƙi abin ya ja baya. Man dizal ya yi araha, manyan layukan wuta suka iso karkara. Tashoshin la Cour wuta mai tafiya hanya ɗaya suke bayarwa, irin ta batir, babban layi kuwa mai kai da komowa ce, sau 50 a daƙiƙa. Ba a haɗa su kai tsaye. Duk mai son ya zuba wutarsa a babban layi, dole bugunta ya zo daidai da na layin, kamar dai wilin nan guda biyu na tangarahu.

Wanda ya warware wannan ɗalibinsa ne. Johannes Juul yana ɗan shekara 17 ya shiga kwas ɗin 1904. Bayan fiye da shekara hamsin, a 1957, ya gina inji mai fiffike uku a Gedser, mai ba da kilowat 200. Ya yi amfani da janareta irin wanda ke karɓar bugunsa daga layin da aka jona shi, don haka wutar na shiga babban layi ba tare da rigima ba. Injin ya yi shekara goma yana aiki.

Da rikicin mai na 1973 ya zo, Danmak na sayo kusan duk makamashinta daga waje, har sai da aka hana tuƙa mota ranar Lahadi. A nan ne wani kafinta, Christian Riisager, ya ɗauki ƙirar Gedser ya rage ta, ya haɗa ƙaramin inji a bayan gidansa da motar lantarki ta kasuwa da kayan tsofaffin motoci. Ya jona shi da wayar gidansa, sai ga mita tana juyawa da baya: gidan da ke sayen wuta ya koma mai bayarwa. Daga baya ya nemi izinin kamfanin wuta, ya kuma shiga ƙera wa mutane injina masu kilowat 22. Masu irin waɗannan injina suka kafa ƙungiya a 1978 don su yi magana da murya ɗaya a kan farashi da sharuɗɗan jonawa. A 1979 gwamnati ta fara biyan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kafa inji. Iyalai suka riƙa haɗa kuɗi su sayi inji ɗaya, su sha abin da za su sha, rarar kuma kamfani ya saya. Daga baya doka ta wajabta wa kamfanonin saye, a kan kashi 85 cikin ɗari na farashin da suke sayar wa jama'a. Kamfanin Vestas, wanda a da kayan noma yake ƙerawa, a wannan kasuwa ta manoma ya koyi sana'ar da ta kai shi sahun gaba a duniya.

Abin lura a nan, mita ba ta juya da baya don inji kawai ba. Sai da aka samu layi mai wuta a kowane lokaci wanda zai karɓi rarar, da farashin da aka rubuta kowa ya sani, da ƙungiyar da za ta tsaya wa ƙananan masu samarwa, da kuma ma'aikatan da suka san yadda za a jona ba tare da an kashe wani a kan turken wuta ba.

Mu da ke wannan makaranta ba baƙin tambayar la Cour ba ne, sai dai mu rana ce arzikinmu fiye da iska. A unguwanninmu, gidan da ke da sola batirinsa kan cika kafin azahar, sauran hasken ranar ya tafi a banza, alhali mai walda ko mai niƙa da ke jikin katangarsa yana ƙona fetur. Dokar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara kasuwar wutarsu, kuma ƙananan tashoshin sola na gari guda suna ƙaruwa a karkara. Sayar wa babban layi yana buƙatar layin da ke da wuta, wannan kuwa kowa ya san halin da ake ciki. Amma matakin Askov na 1902, wato inji ɗaya, batura daidai gwargwado, waya zuwa maƙwabta, da mita a kowace ƙofa, ba ya jiran kowa sai izini da masu iya aikin. Lissafin girman waya, daidaita lodi, kariya daga gobara, da rubuta wa kowa abin da ya sha, duk suna cikin abin da ake koya mana kafin a ba mu difloma. Samarin da la Cour ya tara a 1904 wata uku kacal suka samu a aji. Mu mun samu shekaru.

Ginin injinsa yana nan a Askov har yau, an mayar da shi gidan tarihi mai ɗauke da sunansa, kuma 'yan makaranta na zuwa can su gwada raba ruwa da wutar iska da hannunsu.